Ranar da Ƙwaryar Fura Ta Koma Cike

Ku ƴaƴana, na san sunan da kuke kirana da shi in na ba da baya: Na-uku. Ba ku kuka raɗa mini shi ba, tun kafin a haifi babbanku ake kirana haka a tashar Agadas. Na kuma san wanda ya ba ku labarin, wato abokina Mamman, Allah ya jiƙansa, mutumin da bai taɓa ba da labari bai ƙara masa gishiri ba. Shi ya ce muku wai na suma a zauren kakanku ne don na hango uwarku ta bayan labule. Kukan yi dariya, ni ma in taya ku, don dariyar ta fi mini sauƙi. Da na bar shi haka har in koma ga Allah, sai dai kwanan baya na leƙa ɗakin jikana Ilyasu, mai sunan kakanku, na tarar da gwangwanayen nan na abin sha mai hana barci zube ƙarƙashin gadonsa, wai yana karatun jarrabawa. Da ya miƙo mini hannu mu gaisa sai na ji yatsunsa suna rawa. Na san wannan rawar, shi ya sa na zauna nake rubuta muku abin da ya faru yadda ya faru.

A shekarar ne ruwa ya ƙi sauka har makiyaya suka gangaro daga daji ba raƙumi ba akuya, daga tabarmin bukka sai butar shayi, suka yi sansani a bayan gari. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, kuma abin da suka fara sa wa ido shi ne hatsin taimako. Duk mai babbar mota aka ce ya kawo ta. Ni a lokacin matuƙi ne, ina jan kamiyon wani ɗan kasuwa, sai aka sa mu jigilar jar dawa daga kudu zuwa Agadas, daga nan mu rarraba ta Ingal da ƙauyukan da ke bayanta. Hanya ba kwalta, mota tana karkarwa kamar za ta zubar da haƙoranka. A gefenka kuma ga sarzan na soja zaune da bindiga tsakanin gwiwoyi. In ka ce za ka ɗan rintsa, sai ya ce maka akwai yaran da ke jiran buhun nan. Abin da ya fi ciwo, gaskiya ya faɗa, don ni da idona na ga yaran.

To barci ɓarawo ne, kowane matuƙi da irin makamin da yake tare shi. Na fara da goro, kamar kowa. Daga nan shayi mai kauri duk inda muka tsaya. Sai na koyi kamfatar garin kafe, wato kofi, na gwangwani da cokali in watsa a baki in bi da ruwa. Rannan wani mai tallan magani a faranti ya tare ni a tasha, ya nuna mini wasu ƴan fararen ƙwayoyi.

"Wagga ba ta maye ba ce," in ji shi. "Kafe ce aka dunƙule. Ka haɗiye guda, ka tahi Ingal ka komo idonka tar."

Bai yi ƙarya ba, ido tar. Guda ta zama biyu, biyun ma suka fara yi mini kaɗan. Abin da ya fi burge ni shi ne yunwa ta daina damuna, kuma a shekara irin wannan mutum ya daina jin yunwa ai gani yake ya yi riba. Ina taƙama a tasha cewa ni ba na ci ba na barci. Gwaggo Hadiza, ƙanwar ubana da ta rene ni tun ina maraya, ita kaɗai ba ta ga abin taƙama ba. Ta kalli yadda ludayi ke kaɗawa a hannuna ta ce, "Sule, jiki ba ƙarfe ba ne, ƙarfen ma ai kuna zuba mishi ruwa in ya yi zahi." Na ce mata aikin maza ne, ba za ta gane ba.

A cikin wannan hali nake neman auren uwarku. Kakanku Malam Ilyasu mutumin tsohon gari ne, gidansa ba nisa da hasumiyar babban masallaci, fataken gishirin Tegidda ne tun kakanninsa. Kafin fari yana da raƙuma da ake kwatance da su, fari ya zo ya share su. Manya sun riga sun je sun nema mini, an karɓi goro, saura in je gaisuwar surukai kafin a sa rana. Ku na yanzu da kuke zama da surukanku kuna cin shinkafa a faranti ɗaya, sai na bayyana muku yadda abin yake a da. Saurayi yakan je da abokinsa, ya durƙusa nesa, ya gaida uban yarinya kansa a ƙasa. Daga nan a kai su wani ɗaki daban a rufe, a kawo musu abinci su ci su ƙoshi ba mai ganinsu. Amma ka kai loma baki surukinka yana kallo, wannan ko mahaukaci ba ya yi. Haka kuma duk abin da ya miƙo maka da hannunsa ba ka isa ka ce a'a ba.

Ranar da aka sa, da hantsi na shigo gari daga hanya, na kwana biyu ban sa haƙarƙarina a ƙasa ba. Na yi wanka na sa farar riga da farin wando da na ɗinka musamman. Gwaggo ta ajiye mini ɗan tuwon dawa ta ce in ci kafin in fita. Na duba na ga rabonta ne ta rage mini, na ce ta ci abinta, ai can za a cika mu da abinci. Abin da nake tsoro ɗaya ne, kada in yi hamma a gaban Malam Ilyasu. Saboda haka na haɗiye ƙwaya biyu a bayan ɗaki, a hanya kuma Mamman ya ɓara goro ya ba ni rabi.

Da muka isa bayan azahar sai muka tarar gidan ya cika maƙil. Dangin kakarku na daji duk sun sauka a nan, kowane ɗaki da iyali a ciki, har ɗan ɗakin baƙi da ya kamata a kai mu akwai mai jego kwance. Zaure kaɗai ya rage, kuma a zauren Malam Ilyasu yake wuni, don shi ma ba shi da inda zai sa kansa. Muka gaisa, na rakuɓe a jikin bango. Can aka turo ƙwarya ta ƙarƙashin labule, da ɗan ƙoƙo na abokin tafiya. Da Mamman ya ɗaga faifai sai ƙamshi ya bugi hancina: furar gero ce, an dama ta da cuku da dabino. Gero, a shekarar da masu kuɗi ma jar dawa suke ci. Mamman ya juya baya ya shanye nasa har yana suɗe ƙoƙo. Ni kuwa na kalli ƙwaryar, na kalli ƙafafun tsohon da ke zaune taku kaɗan daga gare ni, na mayar da faifai na rufe. Shi bai ce in sha ba, don faɗin haka ma rashin kunya ne a wurinsa, sai ya jawo murhun garwashi ya ɗora buta.

Kun san shayinmu hawa uku ne, kuma da ganye ɗaya ake yin su duka. Na fari baƙi ne mai ɗaci, na ƙarti ne waɗanda suka ci suka ƙoshi. Na biyu ya ɗan sassauta. Na uku ganye ya riga ya gaji, saura zaƙi da ƙamshi, shi ake ba mata da yara. Wanda ya tsara abin haka ya san abin da yake yi. Tsoho ya fasa dunƙulen sukari da gindin finjali, ya ɗaga buta sama yana tsiyayawa har kumfa ta hau, ya miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu, na kau da kai na shanye. Na ce a raina, to, mai wuyar ya wuce. Sai na ga ya juye ganyen a wani kwano ya tura cikin gida, ya buɗe jakar fata ya ɗebo sabo. Ya sake dafa na fari. Na sha. Ya sake juyewa, ya sake ɗebo sabo. Mamman ya zungure ni da gwiwar hannu yana murmushi, wai ana girmama mu. Ni kuwa na ɗauka gwada ni ake yi, a ga ko namiji ne, na miƙa hannu na karɓi na fari karo na uku a kan cikin da ba komai a cikinsa sai ƙwaya da goro.

Abin ya fara ne daga ƙirji. Zuciyata ta shiga bugawa da sauri, ta yi kamar ta tsaya, ta sake zabura. Gumi mai sanyi ya karyo mini. Finjali ya fara ƙara a jikin haƙorana, na ajiye shi, na danne hannuna ƙarƙashin cinya don kada a gani. Ga fitsari ya matse ni matsewar da ban taɓa ji ba, kuma ta yaya za ka tambayi surukinka hanyar bayan gida a gidan da ke cike da mata? Tsoho yana ba Mamman labarin raƙumansa, ina jin muryarsa tana nisa tana dawowa. Na ce bari in daure har a yi kiran la'asar, in fake da alwala in fita. Kafin ladan ya kira sai na ji bango ya kauce daga bayana.

Na farka ana yayyafa mini ruwa. Abin da na fara gani fuskokin mata ne a bakin labule, na biyu kuma farin wandona, da tabarmar Malam Ilyasu da ta jiƙe a ƙarƙashina. Na yi amai a gefen murhu. Wata tsohuwa daga cikin baƙin tana cewa, "Ku ja yara baya! Ba ku ga kumfa ga bakinai ba?" Kumfar shayi ce a gashin bakina, amma wa zai tsaya bincike? Mamman ya cire rawaninsa ya ɗaura mini a ƙugu, ya riƙe ni muka bi ta lungu. Ina fita na ga wani hannu ya jawo ƙwaryar nan ciki, a cike kamar yadda aka kawo ta. Na yi shekaru da yawa a duniya, na ga abin kunya iri iri, amma har yau in na tuna tafiyar nan daga zaure zuwa gida sai in ji kunnuwana sun yi zafi.

Kafin magariba labari ya gama tsohon gari: angon gidan Malam Ilyasu farfaɗiya gare shi. Yanzu kun san cuta ce kamar kowace, ana shan magani a zauna lafiya. A wancan zamani kuwa mutane ko ƙwarya ba sa haɗawa da mai ita, balle su ba shi ɗiya. Kakarku ta aiko wa Gwaggo cewa a dakata da maganar sa rana, kuma kowa ya san abin da a dakata ke nufi. Na shige ɗaki na ja ƙofa. Gwaggo ce ta fatattake ni zuwa gidan likita. Majon da ke wurin, wato babban ma'aikacin jinya, ya sa abin sauraro a ƙirjina, ya tambaye ni me na ci a ranar. Na ce ba komai. Ya ce me na sha. Da na gama lissafa masa sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Bon. Kai ba ka da farfaɗiya, wauta gare ka," in ji shi. "Shayi, goro, kafe, da ƙwayar ga, duk uwarsu ɗaya, riga ce kawai ta bambanta. Kai ka tara su wuri guda bisa cikin wofi, ba barci, ba ruwa. Ƙwaya ka bar ta yau. Sauran ka rage sannu sannu, don in ka yanke gaba ɗaya kanka zai yi kamar ya tsage. Ka ci kafin ka sha, ka sha ruwa, bayan la'asar kada ka kusance su. Barci kuma ba a yi mishi wayo, jinkirta shi kawai ake yi."

Na fito da sanin abin da ke damuna, amma sanin bai warware mini komai ba. In na yi shiru, ni mai farfaɗiya ne, na rasa uwarku. In na yi magana, ni ɗan ƙwaya ne, sunan da a lokacin ya fi na ɓarawo muni a wurin dattawa. Ga shi kuma in babu ƙwaya ba zan iya tuƙin da sojoji ke so ba. Na kwana biyu ina juya abin, kaina yana sarawa kamar yadda majo ya faɗa, ina barci kamar gawa in farka in ci abin da Gwaggo ta samo. Daga ƙarshe na kai wa mai mota makullinsa. Ya ce in na ajiye to na ajiye ke nan, akwai goma masu jira. Haka na rabu da tuƙi, sana'ar da nake so, na koma facin taya a bakin tasha, wadda a kanta kuka taso kuka same ni.

Mamman ya ce zai je ya yi mini bayani wurin tsoho. Na san Mamman, kafin ya gama zai mayar da abin wasan kwaikwayo. Na ƙulle sauran ƙwayoyin a ƙyalle na tafi ni kaɗai, abin da saurayi ba ya yi. Na tarar da shi a zauren, an canja tabarma. Na durƙusa na kwance ƙyallen a gabansa, na faɗa masa komai ina kallon ƙasa. Ya sa ɗan yatsa yana juya ƙwaya ɗaya.

"Ran nan, mi ka ci kafin ka zo?"

"Ban ci komi ba, Baba."

"Kuma ka ga na sake ganye har sau uku, ba ka ce komi ba."

"Ba ni da bakin cewa, Baba."

Ya yi ajiyar zuciya. "Ubana da surukinai ya zo gaisuwa, rago ya yanka mishi. Ni ko kaza ba ni da ita. Sirdin raƙumina na kai kasuwa na sawo ganye da sukari, na ce ko ba komi yaron ga ya tahi ya ce an girmama shi. Ina ganin ƙwarya rufe, na san ba ka sha ba, kunya ta hana ni tashi in ba ka wuri, don ban da inda za ni. Kunyata da taka suka haɗu suka kada kai."

Ban taɓa jin dattijo ya faɗi rashinsa a gaban yaro ba sai ran nan, kuma ni na jawo masa. Wannan ta fi mini jiƙar wando ciwo. Ya ɗaga murya ya ce a kawo fura. Aka turo ƙwarya ta ƙarƙashin labule. Wannan karon ta jar dawa ce, tsararo, ba cuku ba dabino. Daga baya uwarku ta gaya mini geron nan na ranar farko shi ne ɗan abin da kakarku ta ɓoye a tulu tun kafin fari, kuma ita da kanta ta daka shi, tana bayan labule lokacin da ƙwaryar ta dawo ba a taɓa ba. Tsoho ya ɗage faifai da hannunsa ya tura mini.

"Sha."

"Baba, a gabanka?"

"Gabana. Mai farfaɗiya Allah ya ɗora mishi, ba ya da laihi. Kai da hannunka ka yi ma kanka. Wanda bai san ya ba cikinai hakkinai ba, ƙaƙa za ni ba shi cikin ɗiyata ya riƙa? Sha, ina kallo."

Na ɗauki ludayi. Kowane kurɓi ina jin ƙararsa a maƙogwarona kamar duk unguwa na ji, ga inuwar ƙafafu a ƙarƙashin labule, na san ba mu kaɗai ba ne. Hawaye suna zuba cikin furar, ina sha da su. Tsoho bai kau da ido ba har sai da ludayi ya fara karo da gindin ƙwarya. Sannan ya ɗora buta. Ya dafa na fari ya shanye abinsa, ya dafa na biyu ya shanye, ina zaune. Da ya tsiyaya na uku sai ya miƙo mini.

"Wanga shi ne naka a gidan ga, har in mutu."

Haka kuwa aka yi. Ko bayan da na yi furfura, in muka je gaisuwar salla, sai ya bi manya da na fari, ya tsallake ni, ya haɗa ni da ku a na uku, kuna ƙyalƙyala dariya ba ku san dalili ba. Ilyasu jikana, kai nake wa wannan dogon zance. Ban ce kada ka sha shayi ba, ni ma ina sha da safe bayan na karya. Amma kada ka tara su, kada ka sha da yunwa, kuma ranar da ka ji hannunka ya fara rawa to jikinka ne ke roƙonka ka kwanta.

Ran nan da na shanye finjalin, tsoho ya tattara ƙwayoyin ya zuba cikin garwashi. Sannan ya juya fuskarsa ga bango, kamar yadda suruki ke yi, ya mayar mini da kunyata. Ya yi magana da ƙarfi yadda na cikin gida za su ji:

"Ku zo ku ɗauki ƙwarya. Ɗanku ya shanye."

Can labule ya motsa, sai ga hannun kakarku, ita da ta ce a dakata. Ta jawo ƙwaryar, na ji ta karkata ta tana dubawa. Sai ta ce, ba da ni take ba, da mijinta take:

"Malam, a ƙaro mishi?"